Yaya Injiniya da 'Yar Tsegumin Tankin Kifi

Yayana bai taɓa haɗuwa da abin da bai iya ba. In agogo ka kawo masa zai gyara, in ciwon haƙori ne zai gyara, in aure ne ya rikice ma zai gyara, kuma duka ukun sai ka koma da su gida sun fi yadda ka kawo su lalacewa. Direban bas ne da ya yi ritaya, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya dage a kai har sunan ya bi shi. A benen da muke haya ɗakinsa na ƙasa, namu na tsakiya, kuma tun da matarsa ta rasu cikinsa ya tare a gidana. Safe da rana zai hawo da cokalinsa a aljihu, ya ci ya yi nak, sannan ya koya mini yadda ake girki.

Don haka ranar da na gane ya fara neman Anti Nas, na yi murna har da ƙwalla. Anti Nas ma'aikaciyar jinya ce da ta ajiye aiki, tana hawa na sama, mijinta ya daɗe da rasuwa. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Shekarun da ta yi marasa lafiya na yi mata ƙarya a kan shan magani sun koya mata ta kafa wa mutum ido shiru har sai ya tona kansa. Abin mamaki, surutun Yaya dariya yake ba ta. Ya yi ta hawa da sauka, yau ya kai lemo, gobe ya kai shawarar da ba a tambaye shi ba, har ranar da ya daure ya faɗi abin da ke ransa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce 'yarta ta haihu a wani gari, za ta je ta yi mata 'yan makonni, in ta dawo zai ji amsa.

Ana gobe za ta tafi ta aiko a kira ni don ta ba ni mabuɗi saboda kifinta. Ni ta kira, ina so a riƙe wannan. Amma Yaya na zaune a falona yana sakace, ya ji, ya riga ni hawa bene.

Tankin kifin Anti Nas ba irin wanda ake jefa kifi biyu da dutse ɗaya ba ne. Akwatin gilashi ne da ya kusa cinye bango guda, cike da tsirrai masu rai, wasu dogaye suna rausaya, wasu gajeru sun shimfiɗu a ƙasa, ga fitila a sama. Ƙananan kifaye na ta kai da kawo a ciki, sai wani babba ja mai doguwar jela da take kira Dattijo. Marigayi ne ya sayo shi da hannunsa, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda ya sayo. Kullum da safe sai ta gaishe shi kafin ta gaishe da mutane.

A ƙarƙashin tankin akwai 'yar silinda mai iskar kabon, wadda tsirran ke sha su girma, siririn tiyo na kai ta cikin ruwa ƙwaya-ƙwaya. Ta bayyana mana cewa in iskar ta yi kaɗan tsirrai su rame, in ta yi yawa kifi ya shaƙe. Abin da ke faɗa mata halin da ake ciki shi ne wata 'yar kwalba kamar kan yatsa, manne a jikin gilashin ta ciki, da ɗan ruwa mai launi a cikinta. 'Yar tsegumi take kiranta. In ta yi shuɗi iska ta yi kaɗan, in ta yi kore daidai ke nan, in ta yi rawaya an shiga haɗari.

"Sai dai tana da nawa," in ji Anti Nas. "Abin da ya faru da hantsi sai azahar take ba da labarinsa. Kuma da safe za ku gan ta shuɗiya, wannan ba komai ba ne, na'ura ce ke kashe iskar in dare ya yi. Ku dai ba su abinci ɗan kaɗan, ku leƙa ta da la'asar, kada a taɓa makunnin silinda."

Duk wannan bayani Yaya na gyaɗa kai, amma na ga idonsa. Fuskarsa yake kallo a jikin gilashin yana gyara zaman hula.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ni da na yi shekaru ina lura da allurar mai da ta zafi da ta gudu a lokaci ɗaya, mota cike da rayuka, 'yar kwalba guda ce za ta gagare ni?"

Ta miƙo mini mabuɗin. Hannun Yaya ya shiga tsakani.

Tun a matakala ya bayyana mini shirinsa. Wai tsirran nan duk yunwa ta cinye su, baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta amma aikin na injiniya ne. Kafin ta dawo zai mayar da tankin daji, ta yadda tana buɗe ƙofa za ta ce ta amince tun ba ta ajiye jaka ba. Na ce masa an ce kada a taɓa makunni. Ya ce ai ni aka faɗa wa.

Washegari da sassafe, motar da ta ɗauke ta ba ta ko bar layinmu ba, ya buga mini ƙofa kamar gobara ta tashi. Wai 'yar tsegumi ta yi shuɗi. Na tuna masa an ce da safe haka take yi. Ya ce bai ji wannan ba, kuma abin da injiniya bai ji ba ba a faɗe shi ba. Ya biya shagon da ke ƙasan bene ya taho da Tela, don Yaya ba ya iya yin gwaninta sai da ɗan kallo. Tela kuwa mutum ne da zai bar wandon ango a kan keke in ya ji ana rigima a wani wuri.

Yaya ya durƙusa ya murɗa makunni kaɗan. Ƙwayoyin iska suka ƙaru. Ya miƙe ya zuba wa kwalbar ido, tana nan shuɗiya. Ya ƙara murɗawa. Shuɗiya. Ya ƙwanƙwasa gilashin da zobe, ya ce mata ba ya son taurin kai. Ya murɗa har ruwan ya fara tsiyayar kumfa kamar lemon kwalba, ita ko gezau. Tela ya ba da shawara a girgiza ta, wataƙila barci take. Na ce a rufe abin nan a jira. Yaya ya ce jira aikin fasinja ne, ya ja Tela suka sauka shan shayi a gidana.

Da suka koma sai ga ta kore shar. Ranar na ga abin da ake kira kumburin kai. Ya leƙa ta taga ya kira Mai Burodi da ke tsallaken titi ya zo ya shaida, ya sa Tela ya maimaita yadda aka yi, yana gyara masa inda ya rage masa daraja. Ba wanda ya tuna makunnin na nan a buɗe. Bayan azahar na leƙa, na tarar kwalbar ta yi rawaya fes, kifayen duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, Dattijo a tsakiyarsu.

"Yaya, shaƙewa suke yi."

"Gaishe ni suke yi. Sun san wanda ya zo."

"To ka amsa musu da sauri kafin su mutu."

Sai a lokacin ya sha jinin jikinsa. Ya rufe makunni gam, ya buɗe tagogi, ya ɗauki faranti yana yi wa ruwan fifita, ya sa Tela na ɗibar ruwan da kofi yana shekawa daga sama. Allah ya taimaka kifayen suka farfaɗo suka koma ƙasa. Amma kwalbar na nan rawaya, don ita har yanzu labarin ɗazu take bayarwa. Yaya ya ɗauka raini ne. Na roƙe shi ya kira Anti Nas a waya, ya ce namiji ba ya kiran mace ya ce mata kwalba ta fi ƙarfinsa, balle macen da yake jiran amsarta.

Haka aka shiga 'yar tsere. Ya buɗe ta ƙi canzawa, ya ƙara buɗewa, ya juya baya ta yi rawaya. Ya rufe ta ƙi canzawa, ya cire na'urar dare gaba ɗaya, ya dawo ya same ta shuɗiya. Kullum yana bayanta, kamar mai bin bas ɗin da ya riga ya bar tasha. Ya rame, ya daina zuwa cin abinci a kan lokaci, abin da ko mutuwa aka yi a dangi ba ta sa shi yi. Duk sanda Anti Nas ta kira ta tambayi launin, sai ya juya wa tankin baya ya kashe murya ya ce kore ne shar, ta kwantar da hankalinta.

Wata rana da yamma ya sauko fuskarsa a sake, ya ce ya gano bakin zaren. Matsalar ba ta ruwa ba ce, ba ta iska ba ce, ta 'yar tsegumi ce. Ya ba mu labarin wata jar fitila da ta taɓa addabarsa a gaban sitiyari, tana kunnuwa fasinja na tsorata, sai ya samu baƙin salatif ya manne ta, tun daga ranar aka samu zaman lafiya a motar. Maigidana ya tambaye shi ko ita ce motar da injinta ya kama da wuta a kan gada. Yaya ya ce wannan wani dalili ne daban, kuma a daina katse manya.

Bai gaya mana abin da zai yi ba. Sai da maigidana ya shiga banɗaki ya nemi ruwan kurkure bakinsa ya rasa muka gane. Yaya ya ciro 'yar tsegumi, ya zubar da ruwan da ke cikinta a masai, ya cika ta da koren ruwan kurkure baki, ya mayar ya manne. Safe kore, rana kore, a buɗe makunni kore, a rufe kore.

Na ce, "Yaya, yanzu wa zai faɗa maka in kifin na mutuwa?"

Ya ce, "An ce in kore ne lafiya lau. Kore ne ko ba kore ba?"

"Kore ne, amma…"

"To ki sauka ki duba tukunyarki."

Raina ya ɓaci sosai, don na san wannan karon kifin ba shi da mai ceto. Na ɗauki waya zan kira ta, na ajiye. In na kira na kashe auren, in ban kira ba Yaya ya kashe kifin, shi ma auren ya bi shi. Abin da ya cece mu a lokacin shi ne gwanintar Yaya da kanta. Ya ga wani noti a wuyan silinda bai yi masa ba, ya sa sifana ya gyara shi, iskar ta yi ta tsiyaya waje tana huci har silindar ta koma fanko. Kifaye suka samu hutu ba da niyyarsa ba.

Tsirran ne suka fara gani a jikinsu. Don ya hanzarta dajin da ya yi alkawari ya bar fitilar a kunne ba dare ba rana, abincin kifin da aka ce ɗan kaɗan kuwa da ludayi yake zubawa, wai Dattijo namiji ne. Ganye ya fara zubewa, gansakuka ta rufe gilashi, ruwan kansa ya koma kore har sai ka manna fuska kafin ka hango jelar Dattijo. Yaya ya ce wannan ita ce babbar shaida, yanzu duk tankin ya yarda da abin da kwalbar ke faɗa.

Duk da haka ya san ba iska, kuma ba zai kai silinda shagon da ake cika ta ba, don mai shagon ya san Anti Nas, baki zai kai mata. Sai ya tuna ya taɓa ji a rediyo cewa numfashin da mutum ke fitarwa iskar kabon ce. Ya ce ashe ma asara ake yi, benen nan cike yake da mutanen da ke zubar da ita a banza. Ya yanko tiyo, ya jera kujeru a gaban tankin, ya tsara wa kowa lokacinsa. Maigidana ya je don kunyar suruki, Mai Burodi ya je don yana son ganin ƙarshen abin, Tela kuwa ba sai an gayyace shi ba. Na shiga na tarar da magidanta uku da furfura sun tsuke baki a kan tiyo, kumatu a kumbure, ido a waje, Yaya na tsaye a kansu yana ba da umarni da hannu kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi.

Ba a je ko'ina ba Tela ya rikice, maimakon ya hura sai ya zuƙa. Ya haɗiyi koren ruwan tankin maƙoshi guda, ya faɗo daga kujera yana tari, ya rantse ya ji wani abu mai rai ya wuce. Aka tsaya ana leƙen ƙananan kifaye ko da wanda ya ɓace, amma ruwan bai bari a gani ba. Tela ya ce in ya mutu a faɗa wa iyalinsa wanda ya jawo. Yaya ya ce mutumin da bai san bambancin shiga da fita ba, ba mamaki hannun rigar da yake ɗinkawa ɗaya ke fin ɗaya. Tela ya ce gara shi, bai taɓa ƙona mota a kan gada ba. Maigidana ya tashi zai raba su jiri ya kwashe shi, ya zauna a ƙasa dirshan.

Mai Burodi ne ya jefa maganar da ta ƙarasa mu, kuma cikin raha ya faɗe ta. Ya ce iskar da ke kumbura burodinsa ai ita ce wannan, yis da sukari da ruwan ɗumi ke haifar da ita, har ya taɓa ganin wani ya haɗa a 'yar robar ruwa ya sa wa tankinsa. Idon Yaya ya kawo haske. Ya ce 'yar roba ta masu ƙaramin tunani ce. Ya kinkimo jarkar da yake ajiye ruwa, ya juye sukarin gidana kaf a ciki, ya karɓo dunƙulen yis daga gidan burodi ya jefa duka, ya cika ta da ruwan ɗumi har wuya. Mai Burodi ya ce a bar wa abin wurin tashi. Yaya ya ce wurin da aka bari fanko asara ce. Ya huda murfi ya zura tiyo, ya toshe gefen da cingam, ya ɓoye jarkar bayan labule, daidai inda rana ke dukan taga.

Wannan da safen ranar da Anti Nas za ta dawo ke nan.

Yaya ya gayyaci benen kaf zuwa falonta don a tarye ta. Ya ce irin wannan amsa ba a jin ta a ɓoye. Ya sha sabuwar riga fara sol da Tela ya ɗinka masa bayan sun shirya, ya fesa turare har ƙudaje suka bar ɗakin. Ya goge wani ɗan fili a jikin gilashi daidai inda 'yar tsegumi take, don kowa ya gan ta tana sheƙi. Mata suka cika kujeru, maza suka jingina da bango, aka kunna fanka saboda zafi. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Tun kafin azahar wani tsami ya fara tashi. Matar Tela ta tambaya ko wani abu ya lalace a kicin, Yaya ya ce ƙamshin girman tsirrai ne. Can sai labule ya fara gurnani. Maigidana ya leƙa ya dawo ya raɗa mini cewa jarkar ta zama ƙwallo, ba ta da kusurwa ko ɗaya. Na je na ja hannun rigar Yaya na faɗa masa, ya ce alamar ƙarfi ce, na koma wurina.

Muka ji mota ta tsaya, muka ji takunta a matakala. Ta shigo da jaka a hannu, da murmushinta, ta ga taro ta ɗan ja baya. Yaya ya gyara murya ya buɗe hannuwa ya fara jawabi a kan amana da ilimi. Bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba wani farin kumfa mai kauri ya biyo tiyo daga bayan labule, a hankali, kowa na kallonsa yana tafiya, ya haura gefen tanki ya fara kwarara cikin ruwa. Koren ruwan ya koma kamar an dama gari a ciki, kumfa ya taso ya fara zubowa kan kafet.

Yaya bai daina jawabi ba. Ya matsa da baya-baya yana murmushi, ya kama tiyon ta bayansa ya ƙulle shi tam. Mai Burodi na ganin haka ya ce wa matarsa ta tashi su tafi, amma ya makara. Jarkar ta yi wata ƙara, murfin ya tashi ya bugi rufi, abin da ke ciki ya bi bayansa ya haɗu da fanka, fanka kuwa ta raba wa kowa rabonsa ba son kai. Bango, labule, hoton marigayi, gyalen matar Tela, gemun maigidana, babu abin da ya tsira. Farar rigar Yaya ta koma launin ƙasa, wani dunƙulen kumfa ya zauna a kan hularsa yana ci gaba da tashi.

Fanka ta ci gaba da juyawa tana ɗiga. Daga nan wuri ya kaure, masu salati na yi, masu neman takalmi na yi, Tela na faɗa wa duk wanda ya kama cewa shi tun farko bai yarda da abin ba.

Anti Nas ta ajiye jaka, ta ratsa ta tsakiyarmu ta shiga kicin, ta fito da babbar tukunya da ruwa mai tsabta a ciki. Ta naɗe hannun riga ta zura hannuwa biyu cikin kumfar har kafaɗa tana lalube. Ganin haka kunya ta kama mu duka, kowa ya ɗauki abin da ya samu, kofi, kwano, matacin shayi, muna kamo ƙananan muna zubawa a bokiti. Wasu na motsi, wasu sun riga sun juya ciki sama. Ita ba ta kalle su ba tukuna. Ta daɗe tana nema kafin ta ɗago da Dattijo a tafin hannunta, ta sa shi a tukunya. Ya kwanta a gefe ɗaya, jelarsa a sake, bakinsa na buɗewa da ƙyar. Ta tallafe shi da yatsu tana kaɗa ruwan a hankali, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda na san ta yi wa marasa lafiya da yawa. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Da wani mai hankali ne, da ya bar wurin. Yaya ya matso, kumfa na gangaro masa ta kunne, ya sa gefen hannu ya share gilashin, ya nuna.

"Ranki ya daɗe, kafin a yanke hukunci a duba nan. Kore ce. Tun da kika tafi ba ta taɓa…"

Ta miƙa hannu ɗaya ta ɓalle 'yar kwalbar, ta kai hanci, ta shinshina. Ƙamshin na'ana'a ya isa har inda nake. Ta ajiye ta a kan tebur, ta kafa masa idon nan nata. A karo na farko a rayuwata na ga Yaya ya buɗe baki magana ta ƙi fitowa. Da ta fito kuwa, gara da ba ta fito ba. Ya ce to, tunda dai ga jama'a sun taru, kuma an yi alkawarin in an dawo zai ji amsa, ko za a taimaka.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar Tela ta toshe baki da gyale.

"Da amsar na taho," in ji Anti Nas, muryarta ko rawa ba ta yi. "Tun ina can na yanke shawara. Na faɗa wa 'yata, ta yi murna, har ta ba ni turare in kawo maka, yana cikin jakar can. Kashe kifi kuskure ne, Injiniya, da ka kira ni ka ce ya fi ƙarfinka da mun gyara tare. Amma kullum na kira sai ka ce mini kore ne. Na yi tunanin ranar da zan kwanta ciwo a ɗaki, 'yata ta kira ta tambaye ka jikina."

Ta miƙa hannu, tafin a buɗe.

Yaya ya shiga lalube. Aljihun sabuwar rigar ya manne da sukari, sai da ya yi ta fama yana ja, duk muna tsaye muna kallo, kafin mabuɗin ya fito yana danƙo. Ya ɗora mata a hannu da hannuwa biyu. Ya cire hular ya riƙe, ya bi ta tsakanin mutane ya fita. Ba wanda ya yi dariya, har Tela. Muka ji takunsa yana sauka, ya zo hawan gidana bai tsaya ba, ya wuce ƙasa.

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na ɗauki tsumma zan fara goge bango, ta ce in bari sai gobe, in je in duba ɗan'uwana, ta san bai ci komai ba tun safe. Ina bakin ƙofa na ga Dattijo ya kaɗa jela sau ɗaya, ya ɗan miƙe, ya sake kwantawa. Ba ta ɗago ta kalle ni ba. Na jawo mata ƙofar a hankali don kada ruwan tukunyar ya girgiza.